Rabin Abincin Kaka

Litinin, 27 ga Maris, da la'asar

Likita ya ce in riƙa rubuta duk abin da Kaka ya ci. Na je na sayo littafi mai kauri saboda haka, ga shi layi ɗaya ya ishe ni: miya cokali uku, ruwa rabin kofi. Tunda na riga na saya, sauran shafukan nawa ne.

Kaka dai ba kakana ba ne. Monsieur Trevor ne, tsohon Bature ɗan Ostareliya, shekara saba'in da shida, wanda ajans ɗinmu ta masu kula da tsofaffi ta ba ni in kula da shi a gidansa da ke kan tudun Croix-Rousse a Lyon tun bara. Ni na sa masa Kaka, don tun ranar farko ya soma tsokanata. Wai Faransancina na 'yan jami'a ne, nasa na masu gyaran asansar ne, wato lif, saboda haka nasa ya fi amfani, shi ke hawa da mutane bene. Na ce mutumin da ya shekara arba'in a Lyon bai iya faɗin sunan layinsu daidai ba, ba shi da abin koya mini. Sunana ma bai taɓa kamawa ba, Amdiya yake cewa. Haka muke zama, ko in ce haka muka zauna.

Cikin Fabrairu ya samu bugun jini a ka. Ya dawo daga asibiti da hannun hagu a shanye, kuma Faransancin nan da yake taƙama da shi ya tafi kaf, kamar an wanke allo. Ingilishi kawai ya rage masa, wanda ban taɓa jin ya yi ba. Ni kuwa Ingilishina na lakkol ne, na 'yan makaranta, ya tsaya a gaisuwa da sunayen ranaku. Na kara masa talho, wayata ta hannu, a baki don ya fassara mini, talhon ma ya ce bai gane ba.

Da ya dawo yana cin abincinsa. Tun ranar Alhamis ya daina.

Azumin bana ya zo da sanyi, alhamdu lillahi, sai dai jiya sun ƙara awa guda a agogo, magariba ta koma wajen ƙarfe takwas.

Talata, 28 ga Maris, da azahar

Wani sabon salo ya fito da shi. In na ajiye masa faranti, sai ya ɗauki cokali da hannunsa mai lafiya, ya raba abincin biyu daidai wa daida, ya turo mini farantin. In mayar masa, ya sake turowa. Na ce, "Merci, Kaka, naka ne, ci." Sai ya kafe ni da ido yana ta magana, kalma ɗaya kawai nake kamawa: Col, Col.

Na zauna a gabansa har abincin ya huce, hannuna a kan cinya. Na kwashe.

Alhamis, 30 ga Maris, da yamma

'Yarsa Solène ta zo daga Paris. Ita kaɗai gare shi, matarsa Odile ta rasu shekara huɗu da suka wuce, a ɗakin nan da yake kwance. Likita ya aza shi a sikeli, ya duba, ya sake aza shi. Mutumin kirki ne likitan, ba ya kwana-kwana. Ya ce zai dawo ranar sha takwas ga Afrilu, in ya tarar yana ci gaba da ramewa, sai gidan tsofaffi, a sa masa robar abinci ta hanci.

Ni da Solène muka kalli juna, don mu biyu muna wurin lokacin da ya faɗi maganarsa bara, da Faransancinsa garau: "In kun fitar da ni daga gidan nan, ku fitar da ni a kwance, fuska a rufe." Har ya sa mu ɗaga hannu kamar a kotu. Dariya muka yi ranar.

A kicin na tambaye ta ko tana gane abin da yake faɗa. Ta ce kaɗan-kaɗan, bai taɓa yi mata Ingilishi ba tun tana ƙarama, kuma yanzu bakin ya karkace. Na ce, "Col fa?" Ta kai ni gaban hoton da ke bayan ƙofa, wanda nake goge wa ƙura ban taɓa tsayawa na kalla ba. Samari biyu ne ba riga, da hulunan soja, a gindin wasu itatuwa da aka shuka layi-layi. Ɗaya Kaka ne, ga kunnuwan nan. Ta ce ɗayan shi ne Col, iyakar abin da ta sani ke nan.

Wato ni ce yanzu wannan siririn saurayi mai wushirya. To, madalla.

Asabar, 1 ga Afrilu, da hantsi

Ba aiki yau. Ina wanki ina tuna ɗan abin da Kaka ya taɓa gaya mini na sojansa, kuma sau ɗaya ne tak, ranar da muke ɓare wake. Ya ce garinsu ƙaramin gari ne na manoman alkama, shi yana garejin babansa yana gyaran tarakta. Da ya cika ashirin, gwamnatinsu ta zuba 'yan ƙwallaye cikin ganga, kowane da lambar wata ranar haihuwa, aka juya aka zaro. Wanda ranarsa ta fito, soja. Tasa ta fito. Ya ce da uwarsa ta ƙara haƙurin kwana ɗaya, da bai taɓa sanin inda Biyetnam take ba.

Shekara guda ya yi a can. Na ce wane muƙami ya riƙe, ya ce muƙamin mai ɗaukar kaya, ya yi tafiya a ƙasa, ya ji tsoro, ya yi gudawa, ya dawo. Da ya koma gida ba wanda ke son jin labarin, shi ma ba ya son bayarwa, sai ya shiga aikin jirgin ruwa, har ya gamu da Odile. Daga nan ya ce waken nan ya yi tauri, maganar ta mutu.

Inna ta kira daga Damagaram. Ta ce za su yi sadakar ƙanena Hassoumi ranar ashirin ga azumi kamar bara, Allah ya jiƙansa. Na ce to. Ta ce, "Hamdiya, to kawai?" Na ce layi ba kyau.

Litinin, 3 ga Afrilu, da azahar

Yawurt rabi. Sauran rabin ya rufe da adiko ya turo mini.

Laraba, 5 ga Afrilu, da la'asar

Kwanakin nan ba na salla, ba na azumi. Duk da haka ban iya kai komai baki da rana a gaban mutum ba, balle dattijo. Haka aka tashe mu. A banɗaki nake shan ruwa, in goge baki in fito kamar ɓarauniya.

Nadine, wadda ke karɓata da ƙarfe biyar ta yi aikin yamma, ta ce ita ma ko kallon farantinta ba ya yi. Ta ce ta ga irin haka da yawa, in tsoho ya yanke shawara, ya yanke. Na ji haushin maganar.

Wandonsa ya soma zamewa. Na ƙara wa bel ɗinsa huda da ƙusa.

Alhamis, 6 ga Afrilu, da yamma

Yajin aiki ake, ba abin hawa, da ƙafa na hau tudun nan. Na same shi yana magana shi kaɗai, doguwar magana, yana kallon kujerar da nake zama. Na kunna talho na ɗauki muryarsa. Da rana ma na ɗauka, lokacin da yake turo mini faranti.

Mijin yayata Sahadatou, wato Yaya Sadisu, mutumin Jos ne, kuma kafin ya zo Faransa ya yi shekaru yana tuƙa Turawan Ostareliya a wata mahaƙar zinariya a Ghana. Kullum yana cika baki wai har zaginsu ya iya. Na kira shi na kara wa Kaka talho, Kaka ya kau da kai, ba ya magana da abin da ba shi da fuska. Jibi zan kai wa Yaya muryar da kaina, mu ga ƙarshen cika bakin.

Asabar, 8 ga Afrilu, Paris, bayan buɗa baki

Gidan Yaya Sahadatou a Belleville yana nan yadda yake, ɗaki biyu, mutum goma, kowa na magana. Yaya Sadisu aikin dare yake a kasuwar Rungis wajen kifi, sai la'asar ya tashi, ido jajir.

"Malama 'yar jami'a," in ji shi, "ashe akwai ranar da digiri zai zo neman direba."

Na ce, "Yaya, ka saurara dai, in ka kasa ba zan gaya wa kowa ba sai duk dangi."

Ya sa talhon a kunne yana dariya. Ya ce lalle mutuminsu ne, haka suke magana kamar suna tauna goro. Can sai dariyar ta tsaya. Ya ce yara su yi shiru, ya mayar baya, ya sake mayarwa.

Ga abin da ya tsinto, ya ce wani wurin bai kama ba. A dajin Biyetnam sojojin bibbiyu suke zama, ɗaya ya riƙe bindiga yana gadi, ɗaya ya ci, sannan su canza. Shi da Col komai rabawa suke, shayi ma kofi ɗaya. Wata safiya a wata gonar roba suka buɗe gwangwanin pêche, ɗan itacen nan mai ruwan sukari. Kaka ya ci rabinsa, Col ya ce a ajiye masa nasa, za a tura shi gaba, in ya dawo ya ci. Col ya taka nakiya, bai dawo ba. Kaka ya yini yana yawo da rabin gwangwani a hannu bai san inda zai ajiye shi ba.

"Wannan da na ɗauka da rana fa?" na ce. "Me yake ce mini?"

"Cewa yake, ci, Col. Kai za ka fara yau. Ni zan riƙe gadi." Ya ajiye talhon. "Hamdiya, ke kina ci a gabansa?"

"Haba Yaya, azumi fa ake."

"Kafin azumi?"

"Tare muke ci. Ajans ta hana, amma ni ba zan iya tsayawa kan mutum yana ci ina kallonsa kamar ɗan sanda ba. Da abincina nake zuwa."

"Yaushe ya daina?"

Na soma ƙirga kwanaki da yatsu. Yaya Sahadatou da ke juya kunu ta ajiye ludayi ta ce, "Innalillahi. Ranar ɗaya ga azumi."

Yaya Sadisu ya ce, "Ba ƙin abinci yake ba. Jiranki yake."

Mako biyu ina zaune a gaban bawan Allah hannuna a kan cinya, ina cewa merci. Har da kwanakin nan da ba na azumi, ina shan ruwa a banɗaki. Na ji kunya, na ji tausayi, kunun ma kasa shansa na yi.

Lahadi, 9 ga Afrilu, cikin jirgi

Hassoumi ya taɓa gaya mini a talho cewa su ma a sansaninsu na soja da ke iyaka kashi biyu suke buɗa baki, rabi na gadi, rabi na ci. Ya ce shi kullum gadin farko ake ba shi tunda shi ne ƙarami.

Ba wannan na ɗauko littafi in rubuta ba. Na sayi dabino mai taushi a Belleville.

Litinin, 10 ga Afrilu, bayan magariba

Da ƙarfe biyar Nadine ta zo, na ce mata ba inda za ni. Na dama kunun gyaɗa a kicin ɗinsa, na jawo kujerarsa gaban taga, na zauna kusa da shi muna kallon rana tana sauka bayan tudun Fourvière. Awa uku muna zaune a haka. Bai dame ni ba, shi ma da alama ya saba da irin wannan zama.

Da lokaci ya yi na cire ƙwallon dabino, na raba biyu, na yi bismilla na ci rabi a gabansa, ina taunawa da ƙarfi yadda zai gani. Ya bi bakina da ido har na haɗiye. Na miƙa masa rabin. Ya karɓa, ya juya shi, ya sake kallona, ya ci.

Kunu kofi ɗaya muka sha, in kurɓa in ba shi. Na sake cikawa. Ya ci ƙwai, ya ci dankali, amma kowane sai na fara. Nadine na tsaye bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa za ta tafi, cikin mamaki ta ce, "Ben ça alors," ta ajiye jakar.

Layin likita na yau ya kai layi huɗu.

Laraba, 12 ga Afrilu, da hantsi

Mun yi musanya da Nadine, ita safe ni yamma, ta ma fi so saboda ɗaukar 'yarta daga lakkol. Shugabar ajans ta kira ta karanto mini doka: ma'aikaciya ba ta cin abinci da wanda take kula da shi. Na ce Madam, to ai shi ya sa ba ya ci. Ta ce ba ita ta rubuta dokar ba. Solène ta kira ta, ban san me suka ce ba, dokar dai ta kwanta.

Nadine ta gwada cin yawurt a gabansa da rana. Ya kalle ta kamar baƙuwar da ta yi ɓatan hanya, ya raba nasa biyu, ya rufe duka da adiko. Da na zo na tarar da shi yana gadinsa.

Yau ashirin da ɗaya ga azumi. Jiya aka yi sadakar. Na aika abin da zan aika, ban kira ba.

Jumma'a, 14 ga Afrilu, da la'asar

Zazzaɓi ya kama Kaka. Jiya dabino kawai, ko kunun bai karɓa ba. Ranar Talata likita zai zo.

Asabar, 15 ga Afrilu, bayan magariba

Ya ci. Ni ma na ci har na gaji, don in na tsaya ya tsaya. Azumin da kowa ke ramewa, ni zanena ya soma matse ni, Kaka ne zai ɗauki alhakin.

Yanzu shi ke lura da rana. Agogo ya ɓace masa, ranaku sun ɓace masa, amma tun la'asar yake kafe taga da ido. Yau na shagala da ninke kaya, sai na ji yana buga cokali a tebur. Na leƙa, rana ta faɗi, ya riga ya turo mini dabinon. Ladanina ke nan bana, tsohon sojan Ostareliya.

Litinin, 17 ga Afrilu, bayan magariba

Solène ta zo ta kwana saboda gobe. Ta zauna da mu a teburi, na ba ta labarin gwangwanin yadda Yaya Sadisu ya ba ni. Ta saurara har ƙarshe.

Sannan ta ce duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa ganin babanta ya kai cokali baki kafin mamanta ta kai ba. Ko ya dawo aiki da yunwa, sai ya zauna ya jira. Suna yi masa dariya, wai ladabin Ingilishi. Bayan rasuwar maman ya rame sosai, suka ce baƙin ciki ne, bai murmure ba sai bara. Ta ce, "Bara kika zo, ko?" Na ce haka ne.

Ta ce kuma ba a taɓa shigo da pêche na gwangwani gidan nan ba. Sau ɗaya ta sayo tana yarinya, ya tashi daga teburi ya fita, bai dawo ba sai da safe.

Ta ɗauki burodi ta gutsura ta miƙa masa. Ya karɓa ya ajiye a gabana. Ta yi murmushi, amma na ga abin ya soke ta. Ban san yadda zan yi da wannan ba, sai na raba burodin na ba ta rabi, na ci rabi. Ya ci miyarsa.

Talata, 18 ga Afrilu, da azahar

Sikeli ya ce bai ƙara ramewa ba, har ya ɗan ɗago. Na soma murna, likita ya tare ni. Ya ce ya gode, amma ci ɗaya a yini ba zai riƙe mutum irin wannan ba, magungunansa ma na safe da na rana suna son abinci. Ya tambayi yaushe azuminmu zai ƙare, na ce Jumma'a in an ga wata. Ya ce to daga Jumma'a yana son ci uku. In bai koma cin rana ba, ranar Litinin zai sa hannu a takardar gidan tsofaffi, kuma ba don yana so ba.

Ina da tikitin Paris na ranar salla. Na mayar.

Yaya Sahadatou ta yi ta faɗa a talho. Wai shekara biyu ke nan ina gudun salla cikin dangi, bara na ce jarrabawa, bana na samu tsoho na fake da shi. Na ce, "Yaya, ba haka ba ne." Ta ce, "Haka ne mana, kin ɗauka ke kaɗai kika yi rashi?" Ta kashe.

Ba ta yi ƙarya duka ba.

Alhamis, 20 ga Afrilu, bayan magariba

Buɗa baki na ƙarshe. An ce gobe salla. Na gaya masa da Faransanci, na gaya masa da Hausa, na nuna masa agogo na nuna sha biyu. Ya gyaɗa kai irin na wanda bai ji komai ba.

Jumma'a, 21 ga Afrilu, ranar salla, da yamma

Ina fitowa daga idi na ga kira. Yaya Sadisu ne, suna gar ɗin Part-Dieu, tashar jirgin ƙasa ta nan Lyon, shi da Yaya Sahadatou da kuloli uku. Daga Rungis ya wuce gida ya yi wanka suka kamo jirgin farko, idi ma bai samu ba. Ya ce, "Yayarki ta ce tunda kin ƙi zuwa salla, a kawo miki ita har gida. Ni ɗan dako ne kawai."

Muka hau gidan Kaka wajen sha biyu. Solène ta buɗe mana. Yaya Sahadatou ta durƙusa ta gaishe shi da Hausa tiryan-tiryan, ina kwana Baba, ya jiki, ya ƙarfin jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ya kalli ɗankwalinta da sha'awa.

Na zuba masa shinkafa mai laushi da miyar kaza, na zuba nawa, na zauna a kujerata. Na yi bismilla na ɗauki cokali. Kafin ya kai bakina, ya cafke mini wuyan hannu. Ban san akwai sauran irin wannan ƙarfi a jikinsa ba. Ya girgiza kai, ya nuna taga da haɓa. Rana na tsaka.

Na ce, "Kaka, ya ƙare. C'est fini. Salla ce yau." Ya ƙara matse hannun yana magana da sauri, ransa a ɓace.

Yaya Sadisu ya ce, "Cewa yake lokaci bai yi ba. Wai ki yi haƙuri, shi yana lura, zai gaya miki in ya yi."

Yaya Sahadatou ta rufe baki da gyale. Ni dariya ta fara zo mini, sai ta juye ta zama wani abu. Wato azumina yake gadi. Kuma in bai sake ni ba, ranar Litinin za a fitar da shi daga gidansa a zaune, fuska a buɗe.

Yaya Sadisu ya miƙe. Ya gyara babbar rigarsa, ya zo gaban Kaka ya tsaya ƙyam, ya yi masa magana da Ingilishin nan nasu na tauna goro, da ƙarfi, gajeriya. Daga baya na tambaye shi me ya ce. Ya ce, "Na ce masa gadi ya ƙare, an kawo canji, ni na karɓa. Kowa ya zauna ya ci." Ya kuwa tafi bakin taga ya tsaya, ya juya mana baya, yana kallon rufin gidajen Lyon, mutumin da bai runtsa ba tun jiya.

Kaka ya daɗe yana kallon bayansa. A hankali yatsun suka saki. Na kai cokalin baki, na tauna, na haɗiye. Ya kalle ni, ba irin kallon kwanakin nan ba, ya kalli lallen hannuna, ya kalli fuskata.

Ya ce, "Amdiya."

Na ce, "Na'am, Kaka."

Ya jawo farantinsa ya ɗauki cokali. Na ɗauka biyu zai raba kamar kullum. Uku ya raba. Ya tura kashi ɗaya gaban Solène, ya jira har ta ɗiba ta ci. Ya bar ɗaya a gabansa. Na ukun ya kwashe shi cokali-cokali ya zuba a ƙaramin faranti, ya tura shi gaban kujerar da ba kowa.

Sannan ya ci. Da rana tsaka, ya cinye nasa tas, har ya karɓi ƙari.

Ba wanda ya tambayi na wane ne ƙaramin farantin. Yaya Sahadatou ta tashi ta buɗe kula, ta ɗauko cinyar kaza, wadda Hassoumi ke yi mana faɗa a kanta duk ranar salla, ta aza a gefen shinkafar. Ta koma ta zauna ba ta kalle ni ba, na kamo hannunta ta ƙarƙashin teburi.

Layin likita: shinkafa faranti ɗaya da rabi, kaza, ruwa kofi biyu, ƙarfe sha biyu da rabi na rana.

Na kira Inna daga kan matakala. Ta ce, "Yau layi na da kyau?" Na ce yana da kyau, Inna, ba ni labarin sadakar.